Tarihin Kwazazzabon Avon da Itacen da Ba Ya Tsirowa Ko'ina Sai a Jikinsa

Daga cikin biranen ƙasar Ingila waɗanda suka yi arziki ta hanyar fataucin teku, kaɗan ne suka riga Biristol, alhali kuwa birnin ba a gaɓar teku yake ba, yana can cikin ƙasa ne, tafiyar wajen mil bakwai daga inda kogin Avon yake zuba ruwansa a mashigin Severn. Saboda haka duk jirgin da ya yi nufin shiga birnin ko fita daga cikinsa, tun daga zamanin jiragen da iska ke turawa har zuwa na hayaƙi, babu makawa sai ya ratsa wani kwazazzabo mai zurfi wanda kogin ya tsaga a tsakiyar tudun dutse, tsawonsa kimanin mil ɗaya da rabi, bangayensa kuwa a wasu wurare sun tasam ma ƙafa 300 a tsaye. Marubuta tarihi sun cika littattafai da labarin attajiran da suka bi ta wannan ƙofa da dukiyar da suka shigo da ita, masu zane kuma sun gaji da siffanta kyawun wurin, amma akwai wani mazaunin kwazazzabon wanda ba safai ake ambatonsa ba, wato wani itace ɗan dangin wardi, wanda Allah cikin hikimarsa bai tsirar da shi a wani daji na duniya ba sai a jikin waɗannan duwatsu biyu masu fuskantar juna, wanda kuma adadinsa duka, manya da ƙanana, bai wuce wajen 300 ba.

Ingilishi suna kiran jinsin itatuwan nan waitbim, malaman ilmin tsirrai kuma sun daɗe suna tara su a ƙarƙashin sunan Sorbus, a babban gida ɗaya da wardi da tuffa. Wanda ya ga furensu zai gane wannan nasaba, domin fari ne ƙarami mai kunnuwa biyar, yana fitowa cunkus a kan reshe cikin watan Mayu, sa'an nan ya zama 'ya'ya ƙanana masu siffar tuffa waɗanda ke nuna a watan Satumba da Oktoba. Alamarsu mafi bayyana ita ce ganye, wanda samansa kore ne, ƙasansa kuwa lulluɓe yake da farin gashi mai laushi da ke rage fitar danshi, shi ya sa suke iya zama a kan busasshen dutsen farar ƙasa inda manyan itatuwa ba sa samun abin riƙewa. Gama-garin waitbim yana ko'ina a kudancin Ingila da sassan Turai, kuma mutanen dā sun san shi da taurin katako, suna sassaƙa haƙoran injin niƙa da ƙotocin kayan aiki da shi. Amma wanda muke magana a kansa, wato waitbim na Biristol, ya bambanta da shi: gefen ganyensa yana da 'yan kunnuwa, farin da ke ƙasan ganyen ya fi karkata zuwa toka-toka, 'ya'yansa kuwa ruwan lemo ne maimakon ja.

Kafin a fahimci yadda itace ɗaya zai keɓanta da wuri ɗaya haka, wajibi ne a san wurin. Mutanen Biristol suna da tatsuniya cewa wasu ƙatti biyu ne, Goram da Vincent, suka yi gasar haƙa don neman auren wata mace mai suna Avona, Vincent ya fi himma ya tsaga wannan kwazazzabo, Goram kuwa barci ya ɗauke shi. Masana duwatsu suna cewa dutsen farar ƙasan nan ya taru ne a ƙarƙashin wani teku mai ɗumi shekaru wajen miliyan 350 da suka shige, kuma mafi rinjayen zance a wurinsu shi ne ƙanƙara ce ta toshe wa kogin tsohuwar hanyarsa a zamanin babban sanyi, ya juya ya ci tudun. Ala ayyi halin, mutane sun gane amfanin wurin tun kafin Rumawa su shigo ƙasar, gama akwai kufan garuruwa uku masu ganuwa a bakin dutsen, ɗaya a gefen unguwar Clifton, biyu a hayi cikin dajin Leigh, waɗanda ake kira Stokeleigh da Burgh Walls. Duk wanda ya riƙe su ya riƙe kogin.

Kogin kansa ba mai sauƙin hali ba ne. Tumbatsar teku a mashigin Severn tana cikin mafi girma a duniya, har ruwa yakan tashi fiye da ƙafa 40 tsakanin janyewa da cikowa, saboda haka jirgi ba ya shiga sai da cikowar ruwa, masu kwale-kwale na ƙauyen Pill suna jansa da igiya suna kauce wa duwatsu, in kuwa ya yi jinkiri ruwa ya janye, sai ya zauna a kan laka, wani lokaci gadon bayansa ya karye. Ta nan John Cabot ya fita a shekarar 1497 cikin ɗan jirginsa Matthew, ya isa gaɓar arewacin Amurka. Ta nan kuma, kuma wannan ba abin da mai karatu ɗan Afirka ta Yamma zai wuce shi da sauri ba ne, jiragen fataucin bayi suka riƙa fita bayan shekarar 1698, lokacin da ƙungiyar attajiran birnin, wadda ake kira Merchant Venturers, da takwarorinta suka yi nasarar karya kankanewar da wani kamfanin Landan ya yi wa cinikin. Daga wannan shekara zuwa 1807, da majalisa ta haramta shi, jiragen Biristol sun yi tafiya fiye da 2,000, sun kwashi 'yan Adam kimanin 500,000 daga gaɓoɓin Afirka, da yawansu daga Bonny da Kalaba, suka kai su gonakin rake da taba na hayin teku. Da ribar wannan zalunci aka gina wani sashe na manyan gidajen Clifton da ke kallon kwazazzabon, kuma ita wannan ƙungiya ce ta mallaki filin Clifton da duwatsunsa, har yau kuwa tana da hannu a cikin kula da su.

A gindin dutsen da ake kira St Vincent akwai wani marmaro mai ɗumi wanda ba ya bayyana sai ruwan kogi ya janye, kuma tun daga ƙarshen ƙarni na 17 aka gina masa gida, aka mai da shi wurin neman lafiya, masu hali suka riƙa zuwa daga Landan da sauran garuruwa suna sha suna wanka. Da yawa daga cikinsu masu tarin fuka ne waɗanda likitoci suka yanke ƙauna a kansu, ruwan bai tsinana musu kome ba, har aka keɓe maƙabarta ta baƙi a Clifton. Amma wannan zirga-zirga ta jawo wa duwatsun wasu baƙi na daban, wato ma'abota binciken tsirrai. Tun kafin gidan marmaron ma, William Turner, wanda Ingilishi ke ɗauka uban wannan fanni a ƙasarsu, ya hau dutsen St Vincent, ya sami wata 'yar ciyawa da ba a taɓa rubuta ta a Ingila ba, ya sa ta a littafinsa na 1562. Joseph Banks ya zo a 1767, shekara guda kafin ya shiga jirgi tare da Kyaftin Cook. A 1847 aka gano wata albasar daji mai jan kai, wadda ba ta tsirowa da kanta a ko'ina cikin babban tsibirin Birtaniya sai a nan. Abin mamaki a cikin wannan silsila ta malamai shi ne, shekaru kusan 300 suna sunkuye suna duban ciyayi a ƙarƙashin ƙafafunsu, babu wanda ya ɗaga kai ya tuhumi itacen da yake tsaye a inuwarsa.

Hotuna da zane-zanen ƙarni na 18 da na 19 suna nuna kwazazzabon da wata kama wadda ɗan yau ba zai shaida ba, domin gefen Clifton kusan tsirara yake, dutse ne da gajeriyar ciyawa, ba kurmi ba. Dalilai biyu suka sa haka. Na farko kiwo ne: mazauna yankin suna da haƙƙin gado na sakin tumakinsu a filayen Clifton da Durdham, tumakin kuwa suna gangarawa har inda ƙafa za ta iya tsayawa, suna cinye kowane tsiro. Na biyu fasa dutse ne, sana'ar da ta ci bangayen nan ƙarni bayan ƙarni, ana tarwatsa su da albarushi, ana loda dutsen a jirage don gini da shimfiɗa hanya da gasa farar ƙasa, har ma'abota son kyawun wuri suka riƙa kuka suna cewa ana rushe abin da ba za a iya mayarwa ba. Kukansu yana da hujja. Sai dai a nan ne mas'alar take da sarƙaƙiya, domin waitbim itace ne mai son rana, ƙwayarsa ba ta tashi a ƙarƙashin inuwa, kuma ba shi da ƙarfin yin kokawa da manyan itatuwa a ƙasa mai kyau. Rabonsa shi ne tsagar dutse, da 'yar baranda a jikin bango inda tunkiya ba ta kaiwa, inda tsuntsu ya ci 'ya'yansa ya kasayar da irin. Ashe kuwa duk mahaƙar da aka gama ci aka watsar, da tarin ɓaraguzan da ke gindinta, babu wurin reno da ya fi ta dacewa da shi. Masu fasa dutse ba su yi niyyar alheri ga wani itace ba, amma da yawa daga cikin waitbim mafi ƙaranci a duniya yau a tsofaffin mahaƙunsu suke tsaye, da kuma gefen hanyar jirgin ƙasa ta Portishead wadda aka fasa a gindin dajin Leigh aka buɗe a 1867.

Labarin gadar Clifton sananne ne, ba sai an tsawaita ba, amma yana da wata kusurwa da ta shafe mu. Wani attajiri mai sayar da giya, William Vick, ya bar wasiyyar fam 1,000 a 1753, da sharaɗin a juya kuɗin da ruwa har su kai fam 10,000, sa'an nan a gina gada a kan kwazazzabon.  Bayan gasa da jayayya aka karɓi zanen wani saurayi ɗan shekara 24, Isambard Kingdom Brunel, aka soma aiki a 1831, tarzoma ta tashi a birnin cikin watan Oktoba na wannan shekara, aikin ya tsaya, aka koma a 1836, kuɗi suka ƙare a 1843, Brunel ya rasu a 1859 bai ga gadarsa ba, sai abokan sana'arsa suka kammala ta don tunawa da shi, da sarƙoƙin wata gadarsa ta Landan da aka kwance, aka buɗe ta ran 8 ga Disamba, 1864. Ana ba da labari a Biristol cewa lokacin da za a haƙa harsashi, matar ɗaya daga cikin mataimakansa, uwargida Glennie, ta gargaɗe shi cewa ma'aikata za su halaka wata 'yar fure mai wuyar samu da ke tsirowa a wurin, shi kuwa ya sa aka tono kawunanta aka dasa su a wani wuri da ƙafa ba ta kaiwa. Mutanen garin suna alfahari da wannan, suna ƙidaya shi cikin farkon abin da aka yi na ceton tsiro daga aikin gini.

Yayin da hasumiyoyin gadar suke tsaye babu sarƙa, mutane suna yi musu ba'a, wata mace mai suna Martha Maria Atwood, wadda ta shagala da tara gansakuka da ƙananan tsirrai, kuma ta taimaka da abin da ta tara wajen rubuta littafin tsirran Biristol na 1854, ta lura a farkon shekarun 1850 da wani waitbim a dajin Leigh wanda ganyensa bai yi daidai da na sauran ba. Ta yanki reshe, ta busar, ya shiga hannun malamai. Su kuwa suka yi abin da malamai suka saba yi idan baƙon abu ya zo musu, wato suka nemi babin da ya fi kusa suka saka shi a ciki, suka ce ai ɗan'uwan wani itace ne da aka sani a dajin Fontainebleau na Faransa. Haka ya zauna da aron suna shekara wajen 80, har zuwa 1934, lokacin da Alfred James Wilmott, ma'aikacin gidan ajiyar kayan tarihin halitta na Landan, ya yi tahakiki a kansa, ya yanke hukunci cewa jinsi ne mai zaman kansa, ya raɗa masa Sorbus bristoliensis. A wannan shekara kuma ya yi wa wani makamancinsa suna a ƙasar Wales, wanda wani limamin coci, Augustin Ley, ya gano a kan duwatsu kusa da Merthyr Tydfil. Bayan rasuwar Wilmott, wani malamin Jami'ar Oxford, E. F. Warburg, ya ware wani waitbim na dabam a cikin kwazazzabon nan, wanda ya fi na farko ƙaranci ƙwarai, ya sa masa sunan Wilmott. Ita kuwa Atwood, wadda idonta ne ya soma gani, ba a sa sunanta a kan itacen ba.

To, ta yaya wuri ɗaya, wanda mai tafiya da ƙafa zai ratsa shi cikin rabin sa'a, zai tara nau'in waitbim wajen 20, wasunsu babu su ko'ina sai nan? Amsar tana cikin yadda suke haihuwa, kuma tana daga cikin abubuwan al'ajabi na halitta. Kowane mai rai yana ɗauke da wasu zarurruka a cikin ƙwayoyin jikinsa waɗanda siffofin gado suke rubuce a kansu, kuma bisa galibi ƙunshi biyu ne, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A dangin waitbim kowane ƙunshi zare 17 ne, saboda haka gama-garin waitbim da 'yan'uwansa masu haihuwa ta hanyar da aka saba suna da 34, kuma kowane ɗa yana fitowa da kamannin da suka ɗan saɓa wa na iyayensa. Amma jefi-jefi ƙudan zuma yakan ɗauki garin furen wani jinsi ya kai wa wani, a sami ruwa-biyu, wani lokaci kuma lissafin ya karkace, ɗan ya fito da ƙunshi uku, wato 51, ko huɗu, wato 68. A mafi yawan halittu irin wannan ɗa juya ne, zuriya ta yanke a kansa. A waitbim kuwa akwai mafita: uwar tana iya ƙulla iri daga ƙwayar jikinta ita kaɗai, ba tare da gadon uba ya shiga ba, sai 'ya'yan su fito kwafinta sak, jikokin ma haka. Waitbim na Biristol yana da zare 51, asalinsa haɗuwa ce tsakanin wani waitbim da ɗan'uwansa mai yankakken ganye wanda malamai ke kira Sorbus torminalis, kuma itatuwan nan wajen 300 bilhasali maimaicin itace guda ne da ya taɓa tsirowa a wannan dutse.

Akwai sauran bayani, wanda binciken malaman Jami'ar Biristol ya fito da shi a farkon wannan ƙarni. Ko da yake uwar ba ta bukatar uba don samar da ɗan tayin da ke cikin iri, tana bukatar garin fure don samar da guzurin da ɗan tayin zai ci, kamar dai yadda mai dabino ya san cewa in bai kai wa macen garin namiji ba, ba zai ga nonon kirki ba. Masu ƙunshi uku kuwa garin furensu ba ya yi musu wannan aiki, sai na maƙwabta, galibi na gama-garin waitbim. Wannan yana nufin itacen da babu kamarsa a duniya rayuwarsa tana rataye ne a wuyan itacen da kowa ya raina, wanda ya sare na biyun don ya ba na farkon fili ya yanke masa zuriya bai sani ba. Kuma da yake garin baƙo yana sauka a kan furen kowace shekara, wani lokaci, sau ɗaya cikin masu yawa, haɗuwa ta gaskiya takan auku, a sami sabon ruwa-biyu, shi ma ya soma maimaita kansa. Ke nan ƙofar ba ta rufe ba, sababbin nau'o'i suna kan fitowa a zamaninmu.

Game da ceton ƙasar daga magina, mutanen ƙarni na 19 sun yi abin yabo. A 1861 majalisar ƙasa ta yi doka ta musamman, hukumar birni ta sayi filin Durdham, ƙungiyar attajirai ta yarda a bar na Clifton, aka haɗa su aka mai da su tamkar waƙafi don shan iskar jama'a har abada. Buɗe gadar ya sa magina suka zuba ido a kan dajin Leigh, har gidaje suka cinye yawancin kufan Burgh Walls, amma a 1909 George Alfred Wills, ɗan gidan attajiran taba, ya sayi wani babban sashe na dajin ya ba ƙungiyar National Trust. Sai dai abin da ya biyo baya bai zo a lissafin kowa ba. Fasa dutse ya ja baya har ya mutu, kiwon tumaki a filayen ya ƙare a tsakiyar shekarun 1920, wata annoba ta kashe yawancin zomayen Birtaniya a shekarun 1950, babu sauran baki ko guduma da ke taɓa gangaren. Da farko wannan ya yi wa waitbim daɗi, ya bazu a mahaƙun da aka bari. Daga baya sai ƙaya ta rufe, kurmi ya bi bayanta, tare da wasu baƙin itatuwa da masu gidajen Clifton suka dasa a lambunansu don ado, musamman wani babban itace na ƙasashen Bahar Rum wanda ganyensa ba ya zuba rani da hunturu, ya tsallake shinge ya kafa duhu a kan barandun dutsen. Waɗanda suka yi zaton kiyaye wuri shi ne a kewaye shi a naɗe hannu, a ganina, sun yi wa tsirran kwazazzabon illar da masu albarushi ba su yi ba, duk da kyakkyawar niyyarsu.

Ba a san girman abin da ke wurin ba sai da aka sami wanda zai sauka jikin bangon da igiya, domin daga sama ko daga ƙasa ba a iya bambance ganyen da saɓaninsa da na wani bai wuce yawan jijiyoyi da zurfin kunnuwa ba. Wadda ta yi wannan aiki ita ce Libby Houston, marubuciyar waƙoƙi kuma gwanar hawan dutse, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana lilo a jikin duwatsun nan tana ƙidaya itatuwa ɗaya bayan ɗaya, tare da Tim Rich na gidan tarihin ƙasar Wales da malaman jami'a. A 2005 ta ci karo da wani itace a wani bango na gefen dajin Leigh wanda ba ya shiga kowane babi, bincike ya nuna ɗa ne tsakanin gama-garin waitbim da na Biristol, aka sa masa sunanta. Shi kaɗai ne aka sani a duniya, kuma ba a isa gare shi sai da igiya. A 2009 aka bayyana sababbin nau'o'i 14 a Birtaniya da Ailan, wasu daga nan, wasu daga kwarin kogin Wye da gaɓar Devon, a 2010 kuma ita da Rich da abokan aikinsu biyu suka fitar da littafin da ya tattara su. A 2012 ƙungiyar Linnean ta Landan ta ba ta lambar da take bai wa masu binciken halitta waɗanda ba sana'arsu ba ce. Abin da aka hana Atwood, an ba wadda ta gaje ta bayan shekara 150.

Malamai ba su yi ittifaƙi a kan darajar waɗannan sunaye ba. Wasu suna ganin wuce gona da iri ne a kira zuriyar itace guda mai maimaita kanta jinsi, su ce in aka bi wannan hanya kowane dutse a Turai zai fito da nasa, kuɗin kiyayewa kuma ya watse a kan ƙananan bambance-bambance. Wasu suna cewa abin da yake da siffa tabbatacciya, yake haifar irinsa, kuma ake iya gane shi, ya cancanci suna, kuma doka ba ta kare abin da ba shi da suna. Sa'an nan a 2017 wasu malamai biyu, Sennikov da Kurtto, suka raba gidan Sorbus gida-gida, itacen Biristol ya koma ƙarƙashin Karpatiosorbus, wasu suka bi su, wasu suka tsaya a kan tsohon suna. Ni dai ina tare da masu ba da suna, amma da sharaɗin kada sunan ya rufe ido daga abin da ya fi shi, domin tun da nau'o'in nan daga cuɗanyar maƙwabta suke fitowa, kuma da garin furen maƙwabta suke rayuwa, to abin kiyayewa shi ne unguwar gaba ɗaya, da gama-garinta da ƙudan zumanta da hasken ranarta.

Aikin da ake yi yanzu shi ne mayar da abin da kiwo da haƙa suke yi a dā, amma da gangan. Tun 1999 akwai shiri na haɗin gwiwa tsakanin hukumar birni da ƙungiyar attajirai da jami'a da masu kula da namun daji, ma'aikata suna sauka da igiya suna sare baƙin itatuwa. A 2011 aka kawo bunsurai shida na irin Kashmir daga dutsen Great Orme na arewacin Wales, aka sake su cikin wani kwari da aka kewaye a gefen Clifton don su ci ƙaya su ɓare bawon itatuwa, ciyayin da Turner da Banks suka zo nema su sake samun rana. Akuya dai ba ta san itace mai daraja ba, saboda haka ba ko'ina ake sakinta ba, inda waitbim ya yi yawa hannun mutum ne ke zaɓar abin da za a sare. Akwai kuma wata matsala da ba ta ƙarewa: babban titin Portway, wanda aka buɗe a 1926, yana bin gindin dutsen, hanyar jirgi tana hayi, kuma duk lokacin da injiniyoyi suka tashi share bango don kada dutse ya faɗo wa matafiya, sai an bi su ana nuna musu wanda za su bari. Ko shirin mayar da jirgin fasinja zuwa Portishead, wanda gwamnati ta amince da shi a 2022, sai da aka haɗa shi da ƙidayar waitbim na gefen hanyar da renon wasu daga iri don maye gurbin waɗanda aikin zai ci.

Mai karatun da tafiya ta kai shi Biristol, idan yana son ganin itacen, ya nufi dajin Leigh a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da 'ya'yan suka nuna, ya bi hanyar da ke zuwa kufan Stokeleigh. In kuwa yana son ya kwatanta nau'o'in kusa da kusa, to lambun tsirrai na Jami'ar Biristol da ke Stoke Bishop ya dasa wasu daga cikinsu tare da sauran tsirran kwazazzabon. Kada ya yi gigin sauka jikin dutsen, kuma kada ya karya reshe.